Makokin Minti 83

Ba da niyya na fara sauraron wannan kiɗa ba, kuma da wani ya gaya mini tun ina gida cewa wata rana zan zauna in rubuta yabonsa, da na ce a je a duba lafiyarsa. A shekarata ta farko ta karatu a Bradford, a arewacin Ingila, ina aikin dare a wani katafaren sito da ke bayan gari domin in haɗa kuɗin haya da na abinci. Cikin waɗanda muke jera kwalaye tare akwai wani dattijon Bature, dogo, furfura ta cinye masa gemu, ba ya magana sai ta kama dole. Idan ƙarfe biyun dare ta yi aka ba mu hutun rabin awa, kowa yakan nufi ɗakin shan shayi, shi kuwa sai ya fice ya shige wata tsohuwar motarsa ya rufe gilashi. Daga nesa ba ka jin waƙa, ba ka jin muryar kowa, sai wani gurnani da ke biyo kwalta ya shigo maka ta tafin ƙafa. Na yi makonni ina zaton injin motar ne ke neman makanike.

Wani dare cikin watan Disamba na fito shan iska, ruwa ya tsare ni a bakin ƙofa. Ya hango ni ina rawar sanyi, ya yafito ni da hannu. Don ɗumin mota na shiga, ba don komai ba. Bai tambaye ni ko ina so ba, ya zare wani faifai ya saka. Abin da na fara ji ruwan sama ne, har na ɗaga kai na dubi rufin motar, ashe daga cikin faifan yake. Sai tsawa, sai ƙararrawa tana kaɗawa can nesa. Sannan jita ta faɗo. Amo uku ne kacal ake maimaitawa a hankali, na ukun kuwa ba ya sauka inda kunne ke jiransa, kamar ƙafar da ta nemi matakala cikin duhu ta rasa. Na yi a'uziyya a zuci. Ko kaɗan ban ji daɗinsa ba, amma da hutu ya ƙare muka koma ciki, sai na tarar amon nan uku sun riga ni shiga, suna bina tsakanin kwalaye har gari ya waye.

Faifan farko na ƙungiyar Black Sabbath ke nan, wanda ya fito ranar 13 ga Fabrairu, 1970, aikin wasu samari huɗu 'yan unguwar Aston ta birnin Birmingham, unguwar masana'antu da hayaƙi. A dararen da suka biyo baya dattijon ya riƙa ba ni labarinsu gutsure-gutsure, kamar mai rowar goro. Mai kaɗa musu jita, Tony Iommi, yana ɗan shekara 17 yake aiki a wata masana'antar sarrafa ƙarfe. A ranar da zai yi sallama da aikin don ya rungumi kiɗa, inji ya datse masa kan yatsu biyu na hannun dama, kuma da yake bahago ne, wannan hannun ne ke danne tsirkiya. Ya narka robar kwalba ya ƙera wa yatsun huluna, ya lulluɓe su da fata, ya nemi tsirkiyoyi marasa kauri. Zuwa faifansu na uku, Master of Reality na 1971, ya sassauta ɗaurin tsirkiyoyin a wasu waƙoƙin domin yatsun su sami sauƙi. Tsirkiyar da aka sassauta kuwa a hankali take kaɗawa, muryarta ta yi ƙasa, ta yi kauri. Masoya wannan kiɗa suna son su ce injin nan ne ya haifi nauyin gaba ɗaya. Ni dai labarin ya yi mini daɗin da ya sa nake taka-tsantsan da shi, domin mutane nawa inji ya ci wa yatsu a garuruwan nan, ba su ƙago komai ba sai zaman gida? Amma na yarda da rabinsa: wanda ya san ƙarar inji a jikinsa ne ya fara wannan amo.

Na yarda ne domin ni ma na san irin mutumin. Mahaifina ya yi shekara 20 da 'yan kai a gaban injin saƙa a Kakuri, a kudancin Kaduna. Da jiniyar masaƙa muka san lokaci tun kafin mu iya duba agogo. Idan Baba ya dawo daga aiki, auduga a gashin girarsa, da ƙarfi yake magana ko kana gabansa, don kunnensa na hagu ya daɗe da mutuwa, na daman ma rabi ne. Idan zai saurari labarai sai ya ɗora rediyo a cinya ya dafa tafin hannunsa a kan lasifikar, ya ce ta nan maganar ta fi shiga. Da masaƙun Kaduna suka fara rufewa ɗaya bayan ɗaya a farkon shekarun 2000, tasu ma ta bi sahu. Mun ɗauka kunnensa zai huta, sai ga shi yana kwana a zaune. Na taɓa jin yana gaya wa Inna, "Shirun nan ne ke hana ni barci." Ina yaro a lokacin, na yi dariya a ɓoye.

Ranar da na ba dattijon wannan labari ne ya fara juyowa ya dube ni sosai. Ya ce mahaifiyarsa a masaƙar ulu ta ƙarar da ƙuruciyarta, har ta mutu tana iya karanta magana a leɓen mutum daga wancan ƙarshen ɗaki, domin a gaban inji haka suke hira. Bradford garin ulu ne tun ƙarni na 19, har yau dogon bututun hayaƙin masaƙar Lister yana tsaye a Manningham, sai dai ginin an mai da shi gidajen kwana. Ya ce ai ƙungiyoyin da ya fi so ma 'yan nan ne: Paradise Lost a Halifax aka kafa ta a 1988, tafiyar 'yan mintuna a jirgin ƙasa, My Dying Bride kuwa a Bradford ɗin kanta a 1990. Ya aro mini Gothic na 1991 da Turn Loose the Swans na 1993 a cikin ledar kanti.

Turawa suna kiran wannan reshe doom metal, wato, in an kusanta, kiɗan ƙarfe na ƙaddarar da ba a tsere mata. Wanda bai sani ba yakan ɗauka duk kiɗan ƙarfe hayaniya ce da gudu, kuma da gaskiyarsa, yawancinsa haka yake: ganguna kamar ƙanƙara a kan kwano, murya kamar ana faɗa. Wannan reshen ya ɗauki ƙarar ya bar gudun. Nauyinsa a jinkiri yake. Makaɗi zai bugi tsirkiya sau ɗaya ya ƙyale amon ya yi tafiyarsa, yana kumbura cikin lasifika, yana tsattsagewa ta gefe, yana dusashewa, sai ya kusa cikawa sannan a bi shi da wani. Rabin abin da kake saurare ke nan mutuwar amo ce. Sauti mai ƙasa irin wannan kuma ba kunne kaɗai ke karɓarsa ba. Ƙirji na ji, haƙora na ji, kujerar da kake kai ma na ji. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da tambari ana bugawa a ƙofar fada ya san abin da nake nufi.

A faifan My Dying Bride akwai gogen Turawa a saman wannan gurnani, siririyar murya tana yawo kamar hayaƙi a kan rufin gidaje. Na saurare shi a cikin bas, a watan da rana ke faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, ina kallon baƙin dutsen gine-ginen da ruwa ya jiƙa, sai na ga kamar garin ne ya buɗe baki. Ban ce duka na so ba. Akwai inda mawaƙin ke zuzuta baƙin cikinsa har ya koma wasan kwaikwayo, akwai kuma gurnanin maƙogwaro da har yau jurewa kawai nake yi. Da dattijon ya kawo Dopesmoker na ƙungiyar Sleep, waƙa guda mai fiye da awa ɗaya a kan yabon tabar wiwi, washegari na mayar masa. A lokacin sha'awa ce kawai, irin ta baƙo mai ɗanɗanar abincin garin da ya sauka.

Cikin watan Fabrairu ne, da asuba, na fito daga aiki na kunna waya na tarar da kiran Yaya har sau tara. Kowa ya san ma'anar irin wannan. Na kira, ya ɗauka, a bayansa ina jin motsin mutane da salati.

"Sai haƙuri," in ji shi. "Baba lokaci ya yi, cikin dare. Ƙarfe goma za a kai shi."

Na ce zan nemi jirgi. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ka san ba a jira. Ka yi masa addu'a daga nan, ita ce za ta same shi."

Gaskiya ya faɗa. Ƙarfe goma a Kaduna, tara a Bradford, ina zaune a bakin gado da takalmin aiki a ƙafata ina kallon agogo. Ina lissafi: yanzu an yi salla, yanzu an ɗauki makara, yanzu Yaya ya sauka cikin kabari ya karɓe shi. Kafin azahar an gama komai. Ni ko ƙafar makarar ban kama ba.

A gida mutuwa tana da wurin zama. Ana shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida kwana uku, mutane na zuwa suna tafiya, ana "ya haƙuri", ana amsawa, ana shafa fatiha. Da can gajiya kawai nake gani a wannan zama. Sai da na rasa shi na gane aikin da yake yi: tsare maka lokaci ake yi, a hana ka komai sai zama da abin da ya faru, har jiki ya gaskata abin da kunne ya ji. Ni kuwa a dare na uku na koma jera kwalaye, domin haya ba ta san rasuwa ba. 'Yan'uwa a masallacin unguwarmu, yawancinsu 'yan asalin Pakistan, sun yi mini kara, wata tsohuwa maƙwabciya ta aiko da shinkafa kwana biyu a jere. Na yi saukar Alƙur'ani na roƙa wa Baba rahama. Duk wannan ya riƙe ni, ba zan yi butulci ba. Amma hawaye ko ɗigo. Ina jin abu a ƙirji kamar na haɗiyi dutsen niƙa, ina zuwa aji, ina cin abinci, ina amsa gaisuwa ta waya da "mun gode, Allah ya ba da lada", har na fara tsoron ko ban ƙaunaci mahaifina ba ne.

Dattijon bai san ta'aziyya irin tamu ba. Ya dafa kafaɗata sau ɗaya. Bayan mako biyu ya miƙo mini leda, ya ce kada in saurari waɗannan a bas, kada kuma in saurare su ina wani aiki.

Na farkon shi ne Watching from a Distance na ƙungiyar Warning, 'yan Ingila, na 2006. Waƙoƙi biyar ne, kusan minti 50, babu aljani a ciki, babu gurnanin maƙogwaro. Patrick Walker yana waƙa da tsurar muryarsa, wadda ba ta da wani zaƙi, a kan kewa da nisan da ke tsakaninsa da wanda yake ƙauna. Abin da ya kama ni rashin kunyarsa ne: namiji baligi yana faɗin rauninsa a fili, ba ya sauri ya wuce wurin da ke ciwo. A gidanmu ƙauna a aikace take, ba a baki ba. Inna ba ta taɓa kiran sunan Yaya ba. Ban taɓa ce wa Baba ina kewarsa ba, shi ma iyakarsa ya ce, "Kana dai cin abinci ko?" da ƙarfi, har sai na janye wayar daga kunne.

Na biyun na ajiye shi sai daren Asabar da ba ni da aiki. Mirror Reaper na ƙungiyar Bell Witch, daga birnin Seattle na Amurka, ya fito a 2017. Waƙa ɗaya ce tak, tsawonta minti 83, har ba ta shiga faifan sidi guda ba sai da aka raba ta biyu. Mutum biyu ne ƙungiyar. Dylan Desmond yana kaɗa bes, wato jita mai kaurin murya, mai tsirkiya shida, yana fitar da gurnani da kari a lokaci guda. Jesse Shreibman yana kan ganguna da ogan irin na coci. Mai gangunansu na farko, Adrian Guerra, wanda suka kafa ƙungiyar tare da Desmond, ya mutu a 2016 ana cikin shirya wannan aiki.

Na kashe fitila, na kwanta a ƙasa, na toshe kunnuwana da abin sauraro. Mintunan farko babu ganga, sai tsirkiya ana taɓa ta a hankali. Na ƙosa. Na duba agogo sau biyu. Zuciyata ta tafi kan kuɗin makaranta, ta tafi kan wankin da ban yi ba. Kiɗan bai damu ba, bai yi ƙoƙarin jawo ni ba. Da gangar ta shigo, tsakanin bugu da mai bi masa akwai filin da za ka ja numfashi ka sauke. Ban san lokacin da numfashina ya koma bin wannan taku ba. Ba takun masu kai gawa ba ne, domin mu da hanzari muke kai namu. Takun masu dawowa ne, waɗanda suka ajiye kaya amma nauyin bai sauka ba.

Wajen tsakiyar waƙar wata murya ta shigo wadda ba ta ɗaya daga cikin biyun ba ce. Muryar Guerra ce, daga abin da aka naɗa lokacin faifansu na baya, Four Phantoms na 2015, ba a yi amfani da shi ba. Dattijon ya riga ya gaya mini, ina jiranta, duk da haka sai da tsigar jikina ta tashi: mamaci yana waƙa a makokin kansa. Nan na tuna a wayata akwai saƙon murya da Baba ya sa ƙanwata ta naɗa mini a watan Nuwamba, na saurara sau ɗaya ban amsa ba don ina sauri. Faifan farko ya ƙare, ɗakin ya yi tsit. Shirun da ke biyo bayan dogon amo ba irin na kullum ba ne, yana da nauyi, yana danna kunne. Ashe shi ne ya hana Baba barci, shi na yi wa dariya. Maimakon in tashi in canja faifai, sai na lalubo wayar na kunna saƙon. Daƙiƙa 40 ne. Yana ɗaga murya kamar kullum, yana tambaya ko sanyin ya yi sauƙi, yana cewa in riƙa sa safa. A nan dutsen ya fashe. Na yi kukan da rabona da irinsa tun ina yaro, har maƙwabcin ɗakina ya ƙwanƙwasa ƙofa.

Sai can wajen asuba na saka faifai na biyu. Rabin nan ya fi taushi: ogan ya shimfiɗu kamar hazo, muryar baƙon mawaƙi Erik Moggridge tana tafe a kai a hankali. Bai lallashe ni ba. Ya dai zauna da ni, kamar tsofaffin nan da kan zo gidan makoki su sami gefen tabarma su yi awa biyu ba su ce uffan ba, sannan su shafa su tashi.

Maƙwabcin ɗakin nawa ɗan Zariya ne, mutumin kirki. Da ya ga bangon faifan washegari, zanen wata ƙatuwar halitta tana fitowa daga cikin madubi, sai ya ja da baya. "Haba Malam, wannan ai kiɗan shaiɗanu ne. Kai da ke cikin makoki?" Ban yi fushi ba, domin na riga shi yi wa kaina tambayar. Ni ba malami ba ne, ban kuma zo in yi wa kowa fatawa a kan kiɗa ba; saɓanin ya girme ni. Akwai ƙungiyoyi a wannan fage da ke wasa da saɓo don su burge, na ajiye faya-fayansu ban waiwaya ba. Sunan Black Sabbath kansa daga wani fim ɗin ban tsoro na 1963 aka aro shi, Geezer Butler da ya rubuta yawancin baitocinsu kuma a gidan 'yan Katolika ya tashi, wanda ya bi waƙoƙin farkon nan zai ga tsoron sharri ya fi kiransa yawa a cikinsu. Amma ban kawo masa duk wannan ba. Na ce masa kawai mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo. Ya girgiza kai, ya ce Allah ya kyauta, ya dafa mana shayi. Har muka rabu bai sake tayar da maganar ba, ni ma ban ƙara kunna faifan idan yana gida ba.

Sai bayan shekara biyu na sami zuwa gida. Yaya ya kai ni maƙabarta da yamma. Damuna biyu sun wuce, ƙasar ta kwanta, sai da ya ɗan yi dube-dube kafin ya nuna. Na tsuguna na yi addu'ar da ta sawwaƙa. A can ban tuna da wani kiɗa ba, kuma haka ya dace. A hanyar dawowa muka bi ta gaban masaƙar. Ciyawa ta kai ƙugu, wani ya ɗaure awaki a jikin ƙofar. Na ce ya tsaya, ya kashe babur ɗin. Mun jima muna kallo, sannan ya ce, "Ka tuna jiniya?" Na ce na tuna.

Da na koma Bradford na tarar dattijon ya yi ritaya. Ya bar mini kwali a wurin mai gadi, faya-fayai kusan talatin, babu ko 'yar wasiƙa. Ba ni da lambarsa. Fiye da shekara biyu muna zama a mota ɗaya ban taɓa tambaya ba. Na sayi wata tsohuwar rediyo mai cin faifai a shagon gwanjo. Mirror Reaper sau ɗaya nake sauraronsa a shekara, cikin Fabrairu, ba ya son a yawaita. Sauran ranaku, idan na dawo daga aiki gari bai waye ba, nakan saka Master of Reality, in rage sautin don kada in tashi maƙwabta, in dafa tafin hannuna a kan lasifikar. Ta nan kuwa ya fi shiga.